MAN SHAFAWA DAGA GONARKA: KAƊANYA, RIƊI DA ZOGALE

GABATARWA

Manomi, in hunturu ya kankama dubi ƙafafun yaranka da hannun uwargida. Fata ta yi fururu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Sai ka tafi kasuwa ka sayo man shafawa na kwalba da tsada. Da za ka sa a karanta maka rubutun da ke bayan kwalbar, sau da yawa za ka ji sunan man kaɗanya, ko na riɗi, ko na zogale a ciki. Watau abin da ka sayar da araha a buhu, shi ne ka sayo da tsada a kwalba.

Masu yin man shafawa da sabulu, na gida da na ƙasashen waje, suna neman man itatuwa da na amfanin gona. Amma mai tsabta suke so, wanda bai yi tsami ba, bai sha hayaƙi ba. Wannan takarda za ta bayyana maka abin da ke cikin waɗannan mayuka, da amfaninsu ga fata, da yadda za ka kula da su tun daga gona har kasuwa. Kai da uwargida aka rubuta wa, domin yawancin aikin kaɗanya a hannun mata yake. In ka karanta, ka karanta mata.

MENE NE OMEGA?

Za ka ji masu saye suna cewa omega 3, omega 6, omega 9. Kada sunan ya ruɗe ka.

Kowane irin mai an gina shi da waɗansu 'yan zaruruwa waɗanda ido ba ya gani. Waɗansu miƙaƙƙu ne, waɗansu suna da lanƙwasa. Miƙaƙƙun suna kwanciya jikin juna kamar damin kara, shi ya sa man da suka yi yawa a cikinsa yake daskarewa, kamar kitse da man kaɗanya. Masu lanƙwasa ba sa jeruwa sosai, saboda haka man riɗi da na gyaɗa suke zama ruwa-ruwa.

Masana sukan ƙirga gaɓoɓin zaren daga wutsiya zuwa inda lanƙwasar farko take. In a gaɓa ta 3 take, sai a ce omega 3. In a ta 6 ce, omega 6. In a ta 9 ce, omega 9. Iyakar ma'anar ke nan.

Abin da ya shafe ka shi ne wannan: a wurin lanƙwasar nan iska ke kama mai ta ɓata shi. Omega 9 lanƙwasa ɗaya gare shi, don haka yana jure ajiya. Omega 6 biyu gare shi, ya fi saurin lalacewa. Omega 3 na tsirrai uku gare shi, shi ya fi duka saurin canja wari.

ABIN DA MAI KE YI WA FATA

Bayan fatar mutum kamar katangar tubali yake. Ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani maiƙo da jiki ke yi kuwa shi ne kwaɓin da ke riƙe su. Muddin kwaɓin nan yana da ƙarfi, ruwan jiki ba ya tsiyayewa waje, ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun ƙofa. Iskar hunturu, da sabulu mai kaifi, da yawan aiki cikin ruwa ko toka, su ke cinye shi.

Omega 6 yana cikin kayan da jiki ke kwaɓa maiƙon nan da su, kuma jiki ba ya iya ƙirƙirarsa, sai ya samu daga abinci. An gano haka a 1929 da 1930, lokacin da waɗansu masana, George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, suka hana ɓeraye duk wani abinci mai maiƙo. Fatarsu ta bushe ta yi ɓamɓaroki, girmansu ya tsaya. Da aka ba su ɗan mai mai omega 6 sai suka warware. Saboda haka riɗi da gyaɗar da ke cikin miyarka suna yi wa fata aiki daga ciki, kafin a zo ga shafawa.

Omega 9 yana tausasa fata, yana shiga cikinta da sauri. Amma in ya yi yawa a kan fatar da ta riga ta sami rauni, yana iya sassauta kwaɓin. A wani gwaji da aka buga a 2013 daga Jami'ar Sheffield ta Ingila, an shafa wa manya man zaitun, wanda yawancinsa omega 9 ne, har mako huɗu, sai aka ga katangar fatar ta yi rauni. Man 'ya'yan fulawar nan mai bin rana, wanda omega 6 ya fi yawa a cikinsa, bai yi wannan ɓarna ba.

Mai mai daskarewa kuwa, irin na kaɗanya, aikin makuba yake yi a jikin gini. Yana rufe fata ya hana ruwa fita.

GA ABIN DA KE CIKIN MAYUKANMU

Kaɗanya: kusan rabin nauyin busasshiyar ƙwaya mai ne. Cikin man, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari omega 9 ne, kusan wani kashi 40 mai daskarewa ne, omega 6 kaɗan ne. Yana kuma da waɗansu sinadarai masu kwantar da fata waɗanda ba su da yawa a sauran mayuka, su ne suka ɗaga darajarsa.

Riɗi: kashi 45 zuwa 55 na ƙwayar mai ne. Omega 6 da omega 9 kusan kunnen doki suke, kowanne wajen kashi 40.

Zogale: fiye da sulusin ƙwayar mai ne, kuma wajen kashi 70 na man omega 9 ne.

Aduwa: ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana da mai kashi 40 ko fiye, da omega 6 mai yawa.

Kuka: 'ya'yanta ba su da mai da yawa, amma man yana da omega 9 da omega 6 duka.

Omega 3 kuwa, gaskiyar magana kayan gonarmu ba su da shi sosai. Man waken suya yana da wajen kashi 7. Inda ya fi yawa shi ne man wani tsiro da ake nomawa a Habasha da Kanada da Rasha, wanda ake yin zaren lilin da karansa. Don haka kada ka yi wa mai saye alkawarin abin da babu. Mai saye na ƙwarai yana da ɗakin gwaji, zai gane.

KAƊANYA: KULA DA ITACEN

Kaɗanya itacen Afirka ce kaɗai. Tana fitowa daga Senegal har Yuganda, a ƙasashe wajen 21. A Nijeriya Jihar Neja ce kan gaba, sai Kwara, Kebbi, Kaduna, arewacin Oyo da sauransu. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa tana da reshe a Bida wanda aikinsa binciken kaɗanya ne.

Kaɗanya ba ta gaggawa. Sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta cika ƙarfinta sai ta kai 40 ko 50, tana kuma iya wuce shekara 200 a raye. Itace ɗaya mai matsakaicin ƙarfi yakan ba da kilo 15 zuwa 20 na ɗanyun 'ya'ya a shekara, watau kilo 3 zuwa 4 na busasshiyar ƙwaya.

To, yi lissafi da kanka. Wanda ya sare kaɗanya don gawayi ya ci kuɗin rana ɗaya, ya kashe na jikokinsa. Tun 1998 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa kaɗanya cikin itatuwan da ke fuskantar barazana. Ga abin da za ka yi:

1. In kana sassabe, kada ka aske gona ƙwal. Zaɓi 'yan kaɗanyar da suka fito da kansu, da tohon kututture, ka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane gindi, ka rage sauran. Manoman Maraɗi sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, da ita suka mayar da itatuwa gonakinsu.

2. Kafa turke kusa da ƙaramin itace don kada garmar shanu ko tarakta ta tumɓuke shi. Kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

3. Share ciyawar gindin itace tun kaka. Kaɗanya tana fure ne da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, daidai lokacin gobarar daji. Wutar da ta lashi fure ta cinye amfanin shekarar.

4. In ka ga kauci a reshe, yanke reshen daga ƙasan inda ya kama. Kauci yana shanye itace har ya kashe shi.

5. Ƙudan zuma su ke ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Rataya amya a gonarka, za ka sami zuma, 'ya'ya kuma su ƙaru. Kada ka yi feshi kusa da itace mai fure.

6. Ana yi wa ƙaramar kaɗanya aure da reshen uwa mai kyawun 'ya'ya, ta haka takan fara haihuwa da wuri. Tambayi malamin gona ko malamin daji ya nuna maka.

TSINTA DA DAFAWA

Uwargida, wannan sashe naki ne. Kyawun mai tun daga gindin itace yake farawa.

1. 'Ya'ya suna zuba daga wajen Mayu zuwa Agusta. Ki tsinci waɗanda suka faɗo da kansu. Kada a kaɗa reshe da sanda, domin ɗanyen da bai nuna ba mansa kaɗan ne.

2. Lokacin tsinta lokacin macizai ne. Ki sa takalmi mai rufe ƙafa, ki riƙa buɗa ciyawa da sanda kafin ki kai hannu. Ki gargaɗi yara.

3. Ki cire naman jikin ƙwallon a ranar, ko kashegari. Kada ki tara su tuli a rami ko a ɗaki har su yi zafi su ruɓe.

4. Ƙwallon kaɗanya yana fara tsiro cikin 'yan kwanaki bayan ya faɗo. Da zarar ya fara, man cikinsa ya fara tsami. Maganin wannan shi ne dafawa. Ki dafa cikin kwana uku, kada dai ya wuce mako ɗaya.

5. Ki bari ruwa ya tafasa tukuna, sa'an nan ki zuba, ki bar shi minti 30 zuwa 40. In bai dahu ba zai ci gaba da lalacewa. In ya wuce kima ƙwayar za ta yi duhu. Ki riƙa canja ruwan, kada ki yi ta dafawa da baƙin ruwa ɗaya.

SHANYA DA AJIYA

Wahalar kaɗanya ita ce tana zuwa da damina, ga gona tana kira, ga rana ba tabbas. Duk da haka:

1. Ki shanya a kan tabarma, ko tamfol, ko daɓe mai tsabta, ko gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa. Ki baza da faɗi, ki riƙa juyawa. Hadari ya taso, ki kwashe.

2. Kada ki busar da hayaƙi. Hayaƙi yana barin wata dauɗa a cikin mai wadda ake zargi da jawo ciwon daji, kuma gwaji yana nuna ta. Manyan masu saye suna mayar da irin wannan kaya.

3. In kin girgiza ƙwallo kin ji ƙwayar tana motsi a ciki, ya isa fashewa. Ki fasa, ki sheƙe ɓawon, ki ƙara shanya ƙwayar kwana uku zuwa biyar. Masu saye suna son laimar da ba ta wuce kashi 7 ko 8 cikin ɗari ba. Busasshiyar ƙwaya tana da tauri, in an fasa ta tana karyewa ƙas.

4. Ki tsince baƙaƙe, da masu funfuna, da waɗanda suka tsira, da waɗanda ƙwari suka huda. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Waɗannan a yi sabulun gida da su, kada a haɗa da na sayarwa.

5. Ki zuba a buhun algarara, domin yana shan iska. Buhun leda yana sa gumi, gumi kuwa shi ke kawo funfuna. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

FITAR DA MAN KAƊANYA

1. A wanke ƙwayar da ruwa mai tsabta, a shanya ta bushe.

2. A daka ta a turmi, ko a ɓarza a inji.

3. A soya da wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa. In ta ƙone, man zai yi duhu ya yi ƙauri, ba kuwa abin da zai fitar da ƙaurin.

4. A niƙa ta yi laushi sosai. In injin gari za a kai, a tabbata an wanke shi daga barkono da gyaɗa.

5. A zuba a babban kwano, a yi ta bugu da hannu ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har farin mai ya rabu ya taso sama.

6. A kwashe shi, a wanke da ruwa sau biyu ko uku, har ruwan ya fita fes.

7. A ɗora a wuta marar ƙarfi har ruwan ya ƙone, ƙarar tafasa ta tsaya. Ruwan da ya rage cikin mai shi ne babban abin da ke sa shi funfuna.

8. A sauke, a bari gurɓin ya kwanta, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Yana hucewa ana juyawa, don ya daskare sumul ba gudaji.

Kilo 10 na ƙwaya yana ɗauke da mai wajen kilo 5. Da hannu akan sami kilo 3 ko kusa da haka, da injin matsa kuwa kilo 4 ko fiye. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa ya kamata mata su haɗa kai su nemi inji.

RIƊI

In kaɗanya ta jikoki ce, riɗi na bana ne. Cikin kwana 90 zuwa 120 ya isa yanka. Jigawa, Nasarawa da Binuwai sun yi suna a nomansa, kasuwar Maigatari kuma sananniya ce wajen cinikinsa. Man riɗi yana da wani sinadari nasa na kansa wanda ke hana shi saurin lalacewa, ko da yake omega 6 ɗinsa da yawa. Wannan ne ya sa masu man shafawa ke son sa.

1. Nemi iri mai kyau. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi ta fitar da iri kamar NCRIBEN-01M da NCRIBEN-02M, akwai kuma E8. Kada ka gauraya fari da ja ko baƙi, fari zalla ya fi kuɗi.

2. Zaɓi jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya. Riɗi yana jure ƙarancin ruwa, amma ba ya jure kwanciyarsa.

3. A can arewa, kamar Jigawa da Kano, a shuka farkon Yuli. A Nasarawa da Binuwai na ƙarshen damina akan shuka daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Manufa ita ce ya nuna bayan ɗaukewar ruwa.

4. Kilo 4 zuwa 5 na iri ya isa hekta ɗaya in a layi aka shuka. Gauraya shi da yashi don kada ya zuba da yawa wuri ɗaya. Bar santimita 60 tsakanin layi da layi, 10 tsakanin gindi da gindi. Kada ka binne shi da zurfi.

5. Bayan mako uku ka rage, ka yi noman fari da wuri. Ƙaramin riɗi ba ya iya kokawa da ciyawa.

6. In ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, kwanson ƙasa ya canja launi, ka yanka. In ka jira duka su bushe, kwanson zai buɗe, ka noma wa tururuwa da tsuntsaye.

7. Ɗaure shi dami-dami, ka jingina a tsaye a kan tamfol, mako ɗaya zuwa biyu. Sa'an nan ka kifa kan damin ƙasa ka kakkaɓe a kan tamfol ɗin. Kada riɗi ya taɓa ƙasa, kada kaji su hau shi. Ƙasashen Turai sun sha mayar da riɗi saboda ƙwayar cutar da kashin kaji da na ɓera ke kawowa.

8. Kada ka zuba maganin ƙwari a cikin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya saboda maganin nan da ake kira fiya-fiya. Mai yana riƙe guba fiye da gari. Busarwa sosai da buhu mai tsabta su ne maganin ajiya.

In man shafawa za a yi, kada a soya riɗin. Soyayyen riɗi mansa ja ne mai ƙamshi, na miya ne. Na fata, ɗanye ake matsewa a inji a hankali, ba tare da ya yi zafin da hannu ba zai jure ba. A bar shi kwana uku zuwa mako ɗaya ya kwanta, a tsiyaye na sama, a tace. Tunkuzar kuma abinci ce mai kyau ga dabbobi.

ZOGALE, ADUWA DA KUKA

Zogale yana fara 'ya'ya tun shekarar farko. Ware waɗansu itatuwa na shinge don iri, kada a riƙa tsige musu ganye. Bar kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa a kan itace, ka cire kafin ya tsage. A ɓare fatar, a matse farar ƙwayar. Mansa yana daɗewa bai canja ba, kuma yana riƙe ƙamshi, shi ya sa masu turare ke neman sa.

Aduwa, bayan an sha zaƙin, kada a zubar da ƙwallon. Fasa shi akwai wuya, amma ƙwayar cike take da mai. A Damagaram akwai masu matsar man aduwa suna sayarwa a kwalba.

'Ya'yan kuka da ake zubarwa bayan an cire garin, su ma kuɗi ne. A wanke, a shanya, a tara. Suna da tauri ƙwarai, sai inji. Ɗanyen mansu na shafawa ne, kada a yi girki da shi.

ABOKAN GABAN MAI GUDA BIYAR

Ruwa, iska, hasken rana, zafi, da tsatsa. Saboda haka ka zuba mai a mazubi busasshe, ka cika shi har wuya, ka toshe bakin sosai, ka ajiye a inuwa mai sanyi. Kwalba mai duhu ta fi fara. Guji gwangwani mai tsatsa da tukunyar tagulla. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko kananzir, ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma ba ta yi ba. Kada ka zuba sabon mai a kan tsoho. Rubuta ranar da aka yi shi a jikin mazubi.

AMFANI DA SHI A GIDA

Lokacin da ya fi kyau a shafa mai shi ne bayan wanka, fata da sauran laima, domin mai ba ya ƙara ruwa, tsare wanda ke nan yake yi. In man kaɗanya ya yi maka tauri, narkar da kashi biyu nasa a kwanon da aka ɗora cikin ruwan zafi, ka zuba kashi ɗaya na man riɗi, ka juya har ya huce. Ka sami mai rufe fata da mai omega 6 a wuri ɗaya. Mai faso ya jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ya goge, ya shafa, ya sa safa.

Amma a kiyaye waɗannan:

1. Sabon mai, a fara gwada shi kaɗan a cikin damtse, a jira kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar riɗi ko gyaɗa.

2. Kada a shafa man gyaɗa ga jariri mai ƙuraje ko tsagewar fata.

3. Kada a sa kowane irin mai a cibiyar jariri. A yi amfani da abin da asibiti suka bayar.

4. Kada a sa mai a sabuwar ƙuna. A zuba ruwa mai sanyi minti 20, a tafi asibiti.

5. Mai ba ya kashe makero ko ƙazuwa, ba ya warkar da gyambo. Waɗannan sai magani.

6. Man da ya canja wari ya tashi daga na shafawa, a yi sabulu da shi.

7. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu guba ne. Kada a matse su a injin da ake matsar riɗi, kada a ba dabba tunkuzarsu. Man dogon yaro kuma kada a ba yaro ya sha.

8. Kada a gauraya mai da sinadarin bilicin. Yana ɓata fata, wani ma yana taɓa ƙoda.

KASUWA

Mafi yawan kaɗanyar da ke fita waje cikin abinci take shiga, musamman cakulan. Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa har kashi 5 cikin ɗari na waɗansu mayukan itatuwa a cakulan, kaɗanya na cikinsu. Kasuwar man shafawa ba ta kai wannan girma ba, amma ta fi tsananta wajen inganci, kuma ita ce ta fi neman man da mata suka yi da hannu. Bisa ƙa'idar ɗanyen man kaɗanya da aka amince da ita don ƙasashen Afirka a 2017, mai lamba ɗaya tsaminsa ba ya wuce kashi 1 cikin ɗari. Ba a kai wa wannan matsayi sai da dafawa da wuri da shanya mai kyau.

A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Farashin ƙwallo ya faɗi a kasuwanni nan take. Darasin shi ne, mai ƙwallo kaɗai tana hannun kasuwa ɗaya, wadda ta iya fitar da mai mai kyau kuwa tana da ƙofa biyu. Kafin ka ƙulla ciniki da mai fitar da kaya, ka tambayi halin da doka ke ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban mai saye ba zai zo ƙauye don kwano biyar ba. Ku kafa ƙungiyar gama kai, ku yi rajista, kowa ya bi hanya ɗaya wajen aiki. Ku sayar da awon sikeli, ku ware kaya lamba-lamba, ku ajiye samfur na kowane kaya da kuka sayar. Kada ku haɗa mai da kitse, ko man gyaɗa, ko gari don ƙarin nauyi. Ranar da aka gane, sunan garinku duka ya ɓaci. In za ku zuba a kwalba da suna ku kai kanti, sai da rajistar hukumar NAFDAC.

Kai kuma maigida, kuɗin kaɗanya shi ke shigowa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ka bar itatuwan, ka bar wa mata 'ya'yan, ka taimaka da amalanke ko babur wajen ɗauko kaya, ka gyara wurin shanya tun bazara. Cikin gidanka abin zai ƙare.

Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarku.